Dillalin tafiya da ba ya neman matafiyi

Ƙanwata, 'yar gwaggona, tana Manchesta tana aikin kula da tsofaffi, ni kuma ina Landan. Ba mai yawan ɗora abu a WhatsApp ba ce, in ban da gaisuwar Juma'a da hoton yaranta ranar Sallah. Kwatsam sai hotunan suka canza. Bakin teku mai ruwa shuɗi shar, gadon otal da aka naɗe tawul a kai kamar agwagwa, katafaren jirgin ruwa da fitilu. A ƙasan kowane hoto magana ɗaya ce: yanzu ita ejan ce ta tafiye-tafiye, daga ɗakinta take aiki, mai bukata ya yi mata magana.

Na yi murna har raina. Na ce to, ta gida ta samu. Na kira ta na ce ta duba min tikitin Abuja na watan Disamba, mutum huɗu. Ta ce za ta duba. Kafin ta duba ɗin sai ga saƙo: "Yaya, muna da wani zama a Zoom yau da daddare, don Allah ka shigo. Minti 40 ne kawai."

Na shiga don zumunci. Minti 40 ya zama awa ɗaya da rabi. Wata mata ce ke jawabi, ta sha kwalliya, bayanta hoton tsibiri. Ta yi maganar 'yancin kai, ta yi maganar barin aikin dare, ta nuna hoton motar da ta ce an ba wani. Da biro a hannuna ina jiran a zo wajen da za a ce ga yadda ake yanka tikiti, ga yadda ake canza ranar tafiya, ga abin yi idan jirgi ya bar fasinja a Istanbul. Ba a zo wajen ba. Kalmar da na fi ji ita ce "tawagarka". A ƙarshe aka ce kuɗin shiga fam 150, sannan fam 35 duk wata.

Washegari na tambaye ta ko wannan ba irin kasuwancin nan ba ne na kawo wani shi ma ya kawo wani, wanda ake ce wa MLM. Ranta ya ɓaci. Ta ce sam, kamfanin tafiye-tafiye ne mai rajista.

Ni dai ga matsayina. Ba duk mai sayar da tafiya daga gida ne yake cikin MLM ba, sana'a ce ta gaske kuma akwai masu cin abinci da ita. Amma duk tsarin da zai biya ka don ka kawo wani sabon ejan, ya kuma ci gaba da yanka maka wani abu daga kuɗin watan da shi da waɗanda ya kawo suke biya, MLM ne, ko da wane suna aka raɗa masa. Hoton teku ado ne kawai.

Sana'ar ta gaskiya

A Amurka da Birtaniya akwai kamfanonin da aikinsu shi ne su zama inuwa ga ƙananan dillalai. Kamfanin ne yake da rajista da hukumomi, shi yake da yarjejeniya da otal-otal da masu jiragen ruwa na shaƙatawa, shi yake da manhajar yin bukin, wato kama wa matafiyi tikiti ko ɗaki. Kai kuma kana gidanka, ka nemo matafiyi, ka shirya masa tafiya da lambar kamfanin. In la'ada ta fito ku raba, sau da yawa kai ka ɗauki 70 ko 80 cikin 100. Wasu suna karɓar kuɗin wata, wasu ba sa karɓa.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Duk wanda ya taɓa zuwa Umara ta hannun kamfanin jirgin yawo ya san akwai mutumin unguwa da ba shi da ofis, ba shi da lasisin hukumar alhazai ta NAHCON, amma shi ne yake tara fasfo ya kai wa mai lasisin, a ba shi kamashonsa. Dillali ne, la'adarsa kuma daga aljihun matafiyi take fitowa.

To a nan ne ma'aunin yake. Ka bi kuɗin ka ga daga aljihun wa ya fito. In daga wanda ya hau jirgi ya kwana a otal ne, dillanci ne. In daga wanda aka yi wa alƙawarin zai zama dillali ne, to shi ne kwastoman, bai dai sani ba.

An taɓa yin lissafin a gaban kotu

Ba yau aka fara ba. Akwai wani kamfani a jihar Ilinoi ta Amurka mai suna YTB, wanda ya yi tashe sosai wajen 2006 da 2007. Za ka biya dalar Amurka 449.95 a buɗe maka shafin sayar da tafiya a intanet da sunanka, sannan 49.95 duk wata. In ka kawo wasu suka sayi shafin, a biya ka.

A watan Agustan 2008, Jerry Brown, wanda a lokacin shi ne antoni janar na Kalifoniya, ya maka kamfanin a kotu. Alƙaluman da ofishinsa ya fitar su ne abin dubawa. A 2007 mutane sun biya YTB sama da dala miliyan 103 kuɗin shafuka, amma la'adar tafiya da ta dawo musu dala miliyan 13 ce. Cikin sama da mutum 200,000 da suke da shafin a shekarar, 62 cikin 100 ba su samu la'adar tafiya ko sau ɗaya ba, har da ta tafiyar kansu.

Ka sake duba lambobin nan biyu, 103 da 13. Kamfanin da yake karɓar 103 daga ejan-ejan ɗinsa yana mayar musu da 13 daga ciniki, me yake sayarwa? Ejanci yake sayarwa. An sasanta shari'ar a 2009, kamfanin ya biya dala miliyan 1 ya kuma amince zai sauya tsarinsa. A 2013 ya je kotu ya ayyana karayar arziki.

YTB yana da ɗan uwa, WorldVentures, da aka kafa a Tekzas a 2005. Shi ba ejan yake mayar da kai ba, katin zama ɗan ƙungiyar masu tafiya da rangwame yake sayarwa. Wanda ya daɗe a Facebook zai tuna hotunan mutane a bakin teku riƙe da wani shuɗin allo. Hukumomin ƙasar Nowe sun yanke a 2014 cewa haramtaccen tsarin dala ne, kamfanin ya yi ta ɗaukaka ƙara bai yi nasara ba. A Disambar 2020 shi ma ya ayyana karayar arziki a Amurka.

Dalar da ake nufi a nan ba kuɗin Amurka ba ce, irin dalar gyaɗa ce ta Kano. Buhu ɗaya a sama yana shan iska, dubbai a ƙasa suna ɗauke da shi.

"Ai ba dole ba ne ka kawo kowa"

Wannan ita ce hujjar ƙanwata ta farko, kuma ita ce mafi ƙarfi, don a takarda gaskiya ce.

Waɗanda suka zo bayan YTB sun koyi darasi. Sai aka raba abin gida biyu: kamfani ɗaya yana harkar tafiya, wani daban yana harkar ɗaukar mutane. Misalin da aka fi sani shi ne InteleTravel, mai hedikwata a Filorida, wanda yake cewa shi inuwar dillalai ne kawai ba MLM ba, da kuma PlanNet Marketing da aka kafa a Atlanta a 2015, wanda wakilansa suke tallata ejancin InteleTravel ana biyansu bisa mutanen da suka kawo da waɗanda ke ƙarƙashinsu. Mutum yana iya shiga na farko ya bar na biyu. Na ƙanwata wani kamfani ne daban, ba zan kama sunansa ba, amma shi ma ƙofa biyu gare shi.

Na yarda ƙofa biyu ce. Tambayata ita ce ta wacce aka shigo da ke? Ƙanwata ba ta tashi da safe ta ce tana sha'awar harkar otal ba. Wata abokiyar aikinta ce ta ja ta, kuma wannan abokiyar tana samun wani abu duk watan da ƙanwata ta biya fam 35 ɗinta. A zaman Zoom ɗin da na shiga, duk wanda aka ɗaga aka yi wa tafi, ba a ce ya tura iyali goma Dubai ba. Cewa aka yi tawagarsa ta kai mutum kaza.

Mai shago biyu da yake tsaye kullum a bakin ɗaya yana kiran mutane, ba sai ya faɗa maka wanne ne yake ciyar da shi ba.

Akwai kuma abin da hankali ba ya ɗauka. Wane dillali ne yake yawo yana neman a ƙara masa kishiyoyi? Je ka tasha ka ce wa 'yan kamasho kana so ka kawo musu sababbin 'yan kamasho 20 a layi ɗaya, ka ga abin da zai biyo baya. Ƙanwata kuwa mutanen da ya kamata su zama masu sayen tikiti a hannunta, ni da matata da 'yan uwa, su take roƙo su zama ejan. In duk mun zama ejan, wa zai saya a hannun wa? Amsar ɗaya ce: ba a damu da mai saye ba, don ba daga can ake jiran kuɗin ba.

"Muna da rajista da hukuma"

Tana turo min tambura. Wannan na ƙungiyar kaza, wancan na hukumar kaza.

Tamburan ba na bogi ba ne. A Birtaniya akwai ABTA, ƙungiyar kamfanonin tafiye-tafiye, akwai kuma ATOL, kariyar da hukumar sufurin jiragen sama take gudanarwa. InteleTravel ma ya samu shiga ABTA a 2019, abin da ya tayar da ƙura a tsakanin tsofaffin dillalan ƙasar. Amfanin irin wannan kariya ya fito fili a Satumbar 2019 da babban kamfanin tafiye-tafiye Thomas Cook ya durƙushe, aka yi jigilar 'yan Birtaniya kusan 150,000 da suka maƙale a ƙasashen waje zuwa gida.

Amma wa kariyar take karewa? Matafiyi. Tana cewa in kamfani ya rushe ba za a bar shi a filin jirgi ba. Ba ta ce ejan zai ci riba ba, ba ta kuma duba yadda aka jawo shi ba. Lasisin mota ba ya nuna cewa direba yana samun na cefane.

Mu yi lissafi

Na zauna da ita a waya muka buga, da kuɗin da ita take biya. Fam 150 na shiga, da fam 35 sau 12, ya kama fam 570 a shekarar farko.

A ce ta yi wa wani bukin na otal na fam 1,000. La'adar otal yawanci wajen 10 cikin 100 take, wato fam 100. Kamfani ya cire nasa, a ba ta 70. Kafin ta mayar da 570 ɗinta kawai, sai ta sayar da tafiya ta sama da fam 8,000 mai la'ada. Ba a yi maganar riba ba tukuna, ba a yi maganar awannin da ta ɓata bayan ta dawo daga aikin dare ba. La'adar kuma galibi ba ta zuwa sai bayan matafiyi ya je ya dawo. In ya fasa, shi ke nan.

Ga inda gizo ke saƙar ga irinmu. Tafiyar Bahaushen da ke Ingila ita ce zuwa gida, sai Umara. In ya je gida ba otal zai sauka ba, ɗakinsa na nan a gidan tsohuwa. Ba ya hawa jirgin ruwa ya yi mako yana zagaya tsibirai. Tikitin jirgin sama zalla yake saye, shi kuwa tikiti zalla kusan ba shi da la'ada yanzu. A da kamfanonin jirage suna ba dillali wajen 10 cikin 100. A 1995 kamfanin jirgin Delta na Amurka ya sa wa la'adar iyaka, sauran suka bi, a 2002 kuma manyan kamfanonin jiragen Amurka suka soke ta, aka yi ta bin sahu a wasu ƙasashe. Shi ya sa dillalan gaske suke cajin kuɗin hidima, ko su koma harkar jiragen ruwa da tafiye-tafiyen alfarma inda la'ada take da kauri.

Wato kayan da suke da riba, mutanenta ba sa saye. Kayan da mutanenta suke saye, ba su da riba. Abin da ya rage mata ta sayar shi ne ejancin kansa. Ba sai an tilasta mata ba, lissafin ne yake tura ta can.

"Ko a Kwari akwai ubangida da yaro"

Wannan mijin ƙanwata ne ya faɗa min, kuma na ji daɗin maganar don ta fi sauran tunani. Ya ce kowace harka tana da na sama da na ƙasa, na sama yana ci daga gumin na ƙasa, to mene ne sabo?

Bambancin shi ne ta ina kuɗi yake gangarowa. Yaron shago a Kantin Kwari ba ya biyan ubangidansa kuɗin wata don a bar shi ya tsaya a shago. Ubangidan ne yake ba shi na abinci, ya koya masa atamfa da shadda da halin 'yan sari, in ya kai munzali ya sallame shi da jari. Ubangidan kuma ba zai ɗauki yara 50 a shago ɗaya ba, don kowane yaro nauyi ne a kansa. A tsarin ƙanwata kowane sabon yaro kuɗin shiga ne. Ko ya sayar ko bai sayar ba, fam 35 ɗinsa ta hau sama. To don me za a daina ɗauka?

Kuma ɗaukar tana da iyaka ko an so ko ba a so ba. In kowa zai kawo mutum 5, hawa na 12 kaɗai yana bukatar mutum sama da miliyan 244, ninki uku da ɗoriya na duk mutanen Birtaniya. Tun kafin a je can abin yake cushewa, kuma waɗanda suka shigo a ƙarshe, da kullum su ne mafi yawa, su ne ba su da wanda za su kawo.

Ban ce ba wanda ya samu ba. Matar da ta yi mana jawabi wataƙila tana samu sosai. Mun ga waɗanda suka samu a MMM ma kafin ya rufe asusun mutane a Disambar 2016. Samun na sama ba ya wanke tsarin, shi ne ma abin da ake nuna wa na ƙasa don ya ci gaba da biya. Irin waɗannan kamfanoni da yawa suna wallafa takardar da ke nuna abin da wakilansu suke samu a shekara. Ita ya kamata a fara nema kafin hoton mota, a duba layin da mafi yawan mutane suke, a kuma tuna cewa sau da yawa ba a cire kuɗin watan da suka biya daga lambar ba.

Sai maganar rangwame, wai ko ba ka sayar da komai ba za ka riƙa tafiya a farashin ejan. Masu otal da jiragen ruwa ba yara ba ne. Rangwamen na wanda yake kawo musu baƙi ne. A 2007 kamfanin jiragen ruwa na Royal Caribbean ya yanke hulɗa da YTB da ire-irensa saboda ya ɗauke su masu buga katin ejan ga mutanen da ba sa sayar da komai. Wanda yake tafiya sau ɗaya a shekara biyu ya biya fam 420 duk shekara don neman rangwame, ya sayi tsada da sunan araha.

Doka ta hana ne?

Ba lallai ba, kuma a nan ne masu abin suke samun mafaka. A 1979 hukumar kula da cinikayya ta Amurka, FTC, ta yanke cewa Amway, wani kamfanin MLM, ba tsarin dala ba ne, saboda yana da ƙa'idojin da suke sa a sayar da kaya ga mutanen waje. Tun daga nan MLM ya samu gindin zama. Amma hukumar ba ta daina bibiya ba, a 2016 ta sa wani kamfanin MLM ɗin, Herbalife, ya biya dala miliyan 200 ya kuma sake tsarin biyan wakilansa ya dogara da ciniki na gaske. Ma'aunin da take amfani da shi shi ne dai wanda na faɗa a sama: ladan daga sayar wa mai bukata yake fitowa, ko daga ɗaukar sabon mutum?

Malaman Saudiyya ma ta wannan ƙofar suka bi. Kwamitin fatawa na dindindin na ƙasar ya fitar da fatawa a 1425 bayan Hijira yana haramta irin wannan ciniki, hujjarsu kuwa ita ce kamashon ake nema, kayan fakewa ne kawai, sun kuma bambanta shi da dillanci na halal.

Saboda haka idan aka ce min "ai doka ba ta hana ba", sai in ce na ji. Tambayar da na yi ita ce ko MLM ne, kuma ba a amsa ta da cewa ba a kama kowa ba tukuna.

Abin da ya fi ci min rai ba fam 35 ɗin ba ne. Jarin da ake sa mutum ya kashe shi ne zumuncinsa. An ce mata ta rubuta sunan mutum 100 da ta sani. A ƙasar da ba ka da kowa sai 'yan uwan da kuke haɗuwa a suna da ta'aziyya da Sallar Idi, mutum 100 ɗin nan su ne duk duniyarka. Yanzu in ta kira, matata sai ta kalli wayar ta kalle ni kafin ta ɗauka.

Tikitin Abuja dai ba ta taɓa turo min farashinsa ba. Da na matsa, sai ta ce ta duba, abin da ta gani a manhajarsu ya ɗan fi na shafin kamfanin jirgin tsada, gara in saya can. Na gode mata da ta faɗi gaskiya, na saya can.

Wata bakwai ke nan tana biya. Bukin biyu ta yi, ɗaya na kanta ne, kwana biyu a wani otal a Bilakful da yara. Wadda ta kawo ta ta ce mata ta daure, in ta samu mutum uku kuɗin watanta ya fita. Ta samu ɗaya. Shekaranjiya ta turo min saƙo da asuba, da alama daga wajen aiki: "Yaya, don Allah turo min lambar matar Yaya Babba." Na ga saƙon, ban amsa ba tukuna.